Yadda Ake Auna Alamomin Rayuwa ga Majinyacin Gaggawa a Ƙaramin Asibiti

A ƙananan asibitocin ƙasar Daura, daga Mai'adua zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Zango, sau da yawa ba likita ne ke fara karɓar wanda aka kawo ranga-ranga ba. Nas ce, ko ma'aikacin lafiya na matakin farko, ko ɗalibin da aka turo sanin makamar aiki, kuma abin da ya auna ya rubuta a mintuna 5 na farko shi ne zai nuna ko za a riƙe majinyacin a nan, ko a garzaya da shi Babban Asibitin Daura, ko kuma a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Domin irin waɗannan ma'aikata nake wannan bayani. Alamomin da ake nema su ne numfashi, da yawan iskar oksijin a cikin jini, da bugun jini, da awon jini, wato hawansa ko faɗuwarsa, da hankali, da zafin jiki, sannan ni ina haɗa sukarin jini da su a duk lokacin da hankalin majinyaci ya jirkita. Kayan aikin ba su wuce agogo mai nuna daƙiƙa, da safar hannu, da abin awon jini, da abin sauraron ƙirji, da ma'aunin zafi, da 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ba. Abin da ya fi kayan wuyar samu shi ne ma'aikacin da zai tsaya ya ƙirga da gaske, ya rubuta da lokaci, sannan ya koma ya sake ƙirgawa.

Kafin ka taɓa majinyaci ka sa safar hannu, domin jini da amai da gudawa suna ɗauke da cututtuka irin su kwalara da zazzaɓin Lassa, sannan ka roƙi 'yan rakiya su ja baya, mutum ɗaya da ya san abin da ya faru ya tsaya. Daga nan sai kallon farko. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma tun daga bakin ƙofa za ka ga ko mutum da ƙafarsa ya shigo ko ɗauke da shi aka yi, ko gumi yake haɗawa, ko ya kasa kwanciya sai dai ya zauna yana haki. Yi masa magana kai tsaye: "Sannu Baba, ina ke maka ciwo?" ko "Hajiya, kina ji na?" Idan ya amsa da cikakkiyar magana mai ma'ana, ka samu amsa uku a lokaci guda, wato hanyar iskarsa a buɗe take, yana numfashi, kuma jini yana isa ƙwaƙwalwarsa.

Idan bai amsa ba, ka bubbuga kafaɗarsa, ka duba ƙirjinsa na daƙiƙa 10 kawai. Wanda ba ya numfashi, ko yake jan shaƙuwa jefi-jefi irin ta gargara, ba awo yake bukata ba: ka kira taimako, ka fara danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti, dannawa 30 sai hura iska sau 2. Haka nan wanda jini ke tsartuwa daga rauninsa, a danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta kafin komai. Idan yana numfashi amma kana jin minshari ko ƙarar ruwa a maƙogwaro, harshe ko amai ne ya tare hanya, sai a ɗaga haɓarsa, a zuƙe abin da ke baki, a kwantar da shi ta gefe. Wanda ya faɗo daga babur ko daga bishiya kuwa ba a lanƙwasa masa wuya. Mutum ɗaya ya riƙe kan majinyacin da hannu biyu, a tura muƙamuƙinsa gaba a hankali. Wannan jeri na hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hankali, sannan buɗe jiki a duba ko'ina, shi ne tsarin ABCDE da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa, kuma hikimarsa ita ce a fara da abin da ya fi saurin kisa.

Numfashi shi ne alamar da aka fi zalunta. Na sha ɗaukar katin majinyaci na tarar an rubuta 20, 20, 20 tun safe har dare, alhali mai katin yana kwance yana haki, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin kwanciya ya san cewa wannan adadi ba daga agogo ya fito ba. Abin takaicin shi ne, numfashi ne yakan fara canjawa kafin sauran alamomi, ko matsalar ta huhu ce, ko ta zubar jini, ko ta ƙwayar cuta da ta shiga jini. Ga yadda ake yi. Kada ka gaya wa majinyaci cewa numfashinsa kake ƙirgawa, domin da ya sani zai canja shi ba da niyya ba. Ka riƙe wuyan hannunsa kamar bugun jini kake ji, idonka kuma yana kan ƙirji ko ciki, tashi da sauka ɗaya lissafi ɗaya ne, kuma ka cika minti guda cur. Ƙirgen daƙiƙa 15 a ninka sau 4 yana ninka kuskure ne kawai. Babban mutum mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti. Wanda ya kai 25 yana cikin matsala, wanda ya haura 30 ko ya sauka ƙasa da 10 yana cikin haɗari.

Ga yara lissafin daban ne, kuma wajibi ne a haddace shi. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye a minti shi ne saurin numfashi. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. A ƙirga yaro yana kan cinyar uwarsa, an ɗage masa riga, ba yana kuka ko shan nono ba, idan kuma jariri ya ba da 60 a sake ƙirgawa, domin numfashin jarirai yana da tsaye-tsaye. Bayan adadi akwai yanayi. Ka duba ko ƙasan haƙarƙari yana faɗawa ciki idan yaro ya ja numfashi, ko hancinsa yana buɗewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko babba ba ya iya ƙarasa jimla sai ya yanke. Numfashi mai zurfi kamar na wanda ya yi gudu, ba tare da tari ba, yakan nuna jini ya yi tsami, kamar yadda ake gani ga mai ciwon suga da ya rikice ko yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a tsakiyar damina. Sannan ka lura da wannan: wanda yake haki da sauri, sai ka ga numfashinsa ya ragu shi kuma yana gyangyaɗi, ba sauƙi ya samu ba, gajiya ce ta kama shi, kuma yana dab da tsayawa.

Yayin da kake ƙirga numfashi, na'urar yatsa tana maƙale tana nata aikin. Mai lafiya yana nuna oksijin kashi 95 zuwa 100. Ƙasa da 90 a sa oksijin nan take, wanda kuma yake da wata alamar haɗari a fara ba shi tun yana ƙasa da 94. Sai dai wannan na'ura tana da hanyoyin ruɗi da ya kamata mutanenmu su sani. Haske take aikawa ta cikin yatsa, don haka jan farce na kanti da baƙin lalle mai kauri suna iya dagula ta, sai a nemi yatsan da ba shi da ƙunshi, ko na ƙafa. A lokacin hunturu, ko idan jini ya daina isa yatsu, takan ƙi karantawa ko ta ba da adadin banza, saboda haka a murza yatsan ya yi ɗumi, a jira adadin ya tsaya, a kuma gwada bugun da ta nuna da wanda ka ji da hannunka. Idan ba su yi daidai ba, kada ka yarda da ita. An kuma tabbatar cewa ga masu duhun fata takan nuna adadi ya ɗan fi na gaskiya, ke nan 92 a jikin ɗan Daura ba abin kwantar da hankali ba ne.

Akwai wurare biyu da takan nuna 99 mutum yana mutuwa. Na farko shi ne wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, domin gubar hayaƙin tana kama jini a gurbin oksijin, na'urar kuma ba ta iya bambance su. Idan aka kawo iyali gaba ɗaya da ciwon kai da jiri da suma da asuba, a ba su oksijin ko me yatsa ya nuna. Na biyu shi ne mai ƙarancin jini, kamar yaron da zazzaɓi ya shanye, ko mai sikila, ko mai jego. Ɗan jinin da ya rage a cike yake da oksijin, amma bai isa ba. A nan tafin hannu da cikin fatar ido su ne shaida: idan sun yi fari fat, ƙarin jini ake nema.

Daga nan sai bugun jini. Ka ɗora yatsa manuni da na tsakiya a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa. Kada ka sa naka babban yatsan, domin yana da bugunsa, za ka ƙirga kanka. Idan bugun a jere yake, daƙiƙa 30 a ninka biyu ya wadatar, idan kuwa yana tsallake sai a cika minti. Babba yana tsakanin 60 da 100, jariri ɗan ƙasa da shekara yana tsakanin 100 da 160, kuma shi a cikin damtse ake jin nasa. Zazzaɓi yana ƙara bugu kimanin 10 a kan kowane digiri guda, tsoro da zafin ciwo ma suna ƙarawa, amma ka ɗora laifi a kansu ne kawai bayan ka tabbatar babu zubar jini ko ƙarewar ruwa. Idan ba ka ji komai a wuyan hannu ba, ka koma gefen maƙogwaro, ɓangare ɗaya kawai, ba biyu a tare ba. Tun da hannunsa yana cikin naka, ka ji ko yana da ɗumi ko ya yi sanyi da danshi, sannan ka danna farce na daƙiƙa 5 ka saki. Launi yakan dawo cikin daƙiƙa 2. Idan ya wuce 3, ga hannu da sanyi, ga bugu siriri mai sauri, jini ya kasa zagayawa yadda ya kamata, abin da ma'aikata ke kira shok, ko da awon jini bai faɗi ba tukuna.

Awon jini yana bukatar natsuwa. A zare hannun riga gaba ɗaya, kada a ɗaura a kan babbar riga ko a naɗe hannu har ya shaƙe damtse. Idan mace ce a nemi izininta, wata mace ta tsaya kusa, a gyara hijabin daidai inda ake bukata. Hannu ya kasance a tallafe daidai da zuciya, ɗaurin kuma ya zauna kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Girman ɗauri yana da tasiri: ƙarami a hannu mai kauri yana ƙara adadi, babba a siririn hannu yana rage shi. Ka hura kana jin bugun wuyan hannu har ya ɓace, ka ƙara 30 a kan wannan, ka ɗora abin saurare a lanƙwasar, ka saki iska a hankali, 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Inda ka fara jin ƙwanƙwasa shi ne adadin sama, inda ta ɓace shi ne na ƙasa. Wani likitan Rasha mai suna Korotkoff ne ya bayyana waɗannan sautuka a 1905, kuma har yau su ne madogara. Ka rubuta abin da ka ji, 106 ne ko 94, kada ka mayar da shi 110 ko 90 don ya yi kyaun gani. Na'ura mai batir tana da sauƙi, amma takan ruɗe idan bugu ba a jere yake ba ko jini ya faɗi ƙwarai, don haka duk adadin da bai yi kama da majinyacin da ke gabanka ba a sake shi da hannu.

Ga abin da nake so ya zauna a zuciyar kowane ɗalibi: awon jini shi ne na ƙarshen faɗuwa. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma saurayi mai ƙarfi yana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 kafin adadin sama ya motsa, saboda jijiyoyinsa suna matsewa zuciyarsa kuma tana ƙara gudu don su rufe giɓin. A ce an kawo ɗan acaɓa da ya yi karo, kan babur ya buge shi a hagun ciki, babu jini a waje, yana magana, awonsa 110/80, bugunsa 124, numfashinsa 26, hannunsa da sanyi, yana ta neman ruwan sha. Wanda ya kalli 110/80 kaɗai zai ba shi maganin ciwon jiki ya sallame shi. Wanda ya haɗa alamomin zai gane cewa jini yana zuba a ciki, wataƙila saifa ce ta fashe. Akwai ɗan lissafi da ke taimakawa: a raba bugu da adadin sama. Mai lafiya yana ba da 0.5 zuwa 0.7, wanda ya kai 0.9 abin tsoro ne, a sauƙaƙe kuma, duk lokacin da bugu ya zarce adadin sama, a ɗauka akwai shok. Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai ga matar da ke zubar jini bayan haihuwa. Idan aka jira sai adadin sama ya sauka ƙasa da 90, an riga an makara da yawa, yaro kuma ya fi babba iya riƙe awonsa har sai ya faɗi gaba ɗaya.

Ta ɗaya ɓangaren, mai cikin da ya wuce mako 20 wadda awonta ya kai 140/90 tana bukatar gwajin fitsari, idan kuma ya kai 160/110, ko tana kukan ciwon kai da dishi-dishin gani, jijjiga tana kusa. A kwantar da ita ta gefen hagu, a nemi ungozoma ko likita ba tare da jinkiri ba.

Hankali ana fara auna shi da matakai huɗu: a farke yake, ko sai an yi masa magana yake amsawa, ko sai an matsa masa inda zai ji zafi, kamar naman kafaɗa, ko kuwa ba ya amsa komai. Wanda ya sauka zuwa mataki na uku ba lallai ne ya iya kare hanyar iskarsa ba. Ga raunin kai akwai ma'aunin Glasgow, wanda likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fitar a 1974, mai ba buɗe ido maki 4, magana 5, motsi 6, jimla daga 3 zuwa 15, kuma 8 ko ƙasa suma ce mai tsanani. Ka haska ƙwayar ido biyu da tocila. Idan ɗaya ta buɗe ta ƙi motsi, ko awon jini yana hawa bugu yana raguwa numfashi yana rikicewa, ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa. Ka tambayi 'yan uwa ko haka yake da can, domin tsohon da ya fara sambatu yau ba tsufa ne ya same shi dare ɗaya ba. Duk wanda hankalinsa ya canja a ɗiga masa jini a auna suga. Ƙasa da 4, ko ƙasa da 70 idan na'urar mai manyan lambobi ce, a yi magani nan take, musamman ga mai ciwon suga da ya sha magani ya ɗauki azumi, da yaro mai tamowa ko zazzaɓi. Sannan a yi wa 'yan jinya bayani cikin ladabi cewa ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko kunu ko rubutu a baki, domin huhu zai tafi.

Zafin jiki ba a auna shi da bayan hannu. A share gumin hammata, a sa ma'aunin a tsakiya, a matse hannu har ya yi ƙara. Daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5. Na'urar goshi da ta yawaita tun lokacin korona tana ruɗewa ga wanda ya shigo daga rana ko yake gumi. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya kai 38 ko ya sauka ƙasa da 35.5, a tura shi babban asibiti. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin bazara ya sa a tuna da sanƙarau, zafin da ya haura 40 da ruɗewa ga wanda ya wuni a rana kuma a fara sanyaya shi da ruwa da fifita tun kafin a gama tambayoyi. Jiki mai sanyi ba ya kore cuta, tsoho da mai tamowa suna iya ɗauke da ƙwayar cuta a jini ba tare da zazzaɓi ba. Ga babban da ake zargin cuta ta shiga jininsa, idan biyu cikin ukun nan suka haɗu, numfashi 22 ko fiye, adadin sama 100 ko ƙasa, da canjin hankali, a ɗauke shi a matsayin mai tsanani.

Duk abin da ka auna ka rubuta shi da sa'a da minti, sannan ka maimaita: kowane minti 5 ga wanda bai daidaita ba, kowane minti 15 ga wanda ya daidaita amma ana sa masa ido, da kuma bayan duk abin da aka yi masa, ƙarin ruwa ne ko oksijin ko allura. Bugu 110 shi kaɗai ba ya faɗin komai, amma 96 da ƙarfe 9:00, 110 da 9:15, 122 da 9:30 ya nuna inda aka dosa, kuma a kan wannan ake kiran likita, ba sai adadi ya tsallake iyakar littafi ba. Idan uwa ta ce maka, "Malam, yaron nan ba haka yake ɗazu ba," ka ajiye abin da kake yi ka sake aunawa daga farko, domin ta fi ka daɗewa tana kallonsa.

Idan turawa ta kama, a kira asibitin da za a je tun kafin mota ta tashi, a sa robar ƙarin ruwa a jijiya tun a nan, a sake awo na ƙarshe a bakin ƙofa. Takardar da za ta bi shi ta ƙunshi shekarunsa, abin da ya faru da lokacinsa, dukkan awon da aka yi a jere da lokutansu, da abin da aka ba shi da yawansa. Ma'aikaci ɗaya ya shiga motar ya zauna ta wajen kan majinyaci, da agogo da na'urar yatsa da biro, ya ci gaba da rubutawa a bayan takardar har su isa, domin tsakanin Daura da Katsina tafiyar fiye da sa'a guda ce.